Rahoton Ayyukan Shekara Daga Teburin Sakatare

Assalamu alaikum 'yan uwa mawaƙa da masu kiɗa da masu sutudiyo, da iyayenmu dillalan kaset da har yau ba su guje mu ba.

Taron ƙungiya na wata-wata an yi shi yadda aka saba, ban da na azumi da aka ɗaga. Ta'aziyya da dubiya ma an je.

Babban abin da muka yi bana shi ne bitar bayan ƙaramar sallah, wallahi duk wanda bai zo ba ya yi asara. Ɗakin taro ya cika har sai da muka aro benci a maƙwabta. Lauyan da muka gayyato ya warware mana sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022 wadda aka sa wa hannu a watan Maris 2023, ashe in ka ga waƙarka a wani shafi ba da izininka ba kana da damar rubutawa a sauke ta, da yawanmu ranar muka fara jin haka. Ya kuma ba mu tarihi, cewa tun 1999 da Napster, wani dandalin raba waƙa kyauta ta intanet, ya fito a Amurka kamfanonin faifai suka shiga uku, kotu ta sa an rufe shi a 2001 amma raba waƙa kyauta bai tsaya ba, kuɗin waƙa a duniya ya yi ta zubewa har 2014, sai da manhajojin sauraro suka kankama sannan ya fara farfaɗowa. Ai mu ma hanyar da muka biyo ke nan. Da can ka gama aiki a Zoo Road ka kai wa dillali a Ƙofar Wambai, ya saya ya buga ya raba har Maraɗi da Damagaram, yanzu kuwa kafin ka bar sutudiyo waƙar ta riga ka isa gida ta WhatsApp da Xender, an loda ta a memori, kai ko kuɗin kiɗa ba ka mayar ba, sai ka jira biki ko kakar siyasa.

Bayan azahar matasanmu suka zauna da dattawa ɗaya bayan ɗaya suna buɗe musu shafi a YouTube da Audiomack da Boomplay, aka yi musu bayanin sharaɗin YouTube na mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara kafin kuɗin talla ya fara shigowa. Abin da ya fi faranta min rai, masu tura waƙa na kasuwannin waya sun amsa gayyata, an zauna ba zagi ba faɗa, su ma neman abincinsu suke, har suka ce a kafa kwamiti a duba yadda mai waƙa zai riƙa samun kasonsa. Allah ya saka wa matan da suka ɗauki nauyin abinci da alheri.

To sai maganar rumbun waƙoƙi, wato juya tsofaffin kaset a adana su a kwamfuta, da wasu ke ta tambaya a guruf, wai ina aka kwana. Ba a yi ba. Kuma ba sakaci ba ne, kwamfuta da na'urar juya kaset ba da fatar baki ake saye ba, ɗan abin da ya shigo hayar ofis da man janareta da bitar nan suka cinye shi, rasit ɗin duk yana wajen ma'aji ga mai son gani. Kaset ɗin dattawanmu na nan a kwali ƙura da zafi na cin su, ni abin yana ci min rai. Takardun da lauya ya ce zai rubuta wa shafukan da ke ɗora waƙoƙinmu ma sun tsaya saboda ba mu biya shi ba, kwamitin masu turawa kuma sau ɗaya ya zauna don namu mutanen ba su je ba.

Gaskiya na gaji da bin mutane. In na kira ba a ɗauka, in an ɗauka a ce ana lokeshan, amma ranar da aka saci waƙar mutum shi ne farkon mai cewa ina amfanin ƙungiya. Mutanen da suke biyan kuɗin wata ba fashi su ne dai kullum, kuma ba su ne masu manyan motoci ba.

Shugabanni sun yanke cewa duk wanda ake bi bashin wata shida ba za a sa waƙarsa cikin takardun lauya ba sai ya biya. A zo taro na gaba da katin mamba da jerin sunayen waƙoƙi, ma'aji zai zauna tun bayan la'asar.

Sakatare