Tirela ke cinye kwalta, mu ke biyan bashin

Malam Edita, assalamu alaikum.

Wallahi baƙon da kuka kawo a shirinku na ranar Talata ya ƙona min rai. Wai tunda kowa na bin hanya, kowa ya biya kuɗin da ake karɓa a shingen hanya a daina ƙorafi. Ni direban haya ne, shekara 17 ina jigila tsakanin Lafiya da Akwanga da ƙaramar mota, ban taɓa ganin inda tayata ta lotsa kwalta ba. Ya zo ya duba hannun da manyan motoci suke bi. Kwalta ta yi kunya-kunya kamar gonar dankali, idan ka shiga sitiyari sai ya ƙwace maka. A daminar bara rami ɗaya ya fasa min taya biyu ya lanƙwasa rim, kuɗin lodin sati guda ya tafi wurin bakanike da mai faci, fasinja kuma suna ta zagina kamar ni na haƙa ramin.

Yarona da ke karatun injiniya ya ba ni labarin gwajin da aka yi a jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960. An gano cewa idan nauyin da ke kan layin taya ɗaya ya ninka biyu, ɓarnar da yake wa hanya takan ninka kusan sau 16. To tirelar da aka labta wa siminti fiye da ƙima fa? Amma da aka fara karɓar kuɗi a hanyar Abuja zuwa Makurɗi a 2025, aka yanka wa ƙaramar mota naira 500, babbar mota mai tayoyi da yawa naira 1,600. Wannan ne adalcin? Biri ya yi ɓarna a daki kare?

Ba da direbobin tirela nake ba, 'yan'uwanmu ne, umarnin masu kaya suke bi. A kafa sikeli a bakin kowane shingen karɓar kuɗi, a auna lodi, mai kaya ya biya gwargwadon nauyinsa, wanda ya wuce ƙima a sauke masa a wurin. Baƙonku bai ambaci sikeli ko sau ɗaya ba, mai gabatarwa kuma bai tambaye shi ba.

Sannan don Allah ku gyara layin wayarku. Sau shida na kira a ranar, katina ya ƙare ina jin talla, ba wanda ya ɗauka.

Naku mai sauraro,
Wani direban haya, Lafiya, Jihar Nasarawa