Horon Tattara Hankali: Kada a Yanke Aikin Gida

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A ba mu fili mu yi magana kan horon tattara hankali, wato koyon tsayar da hankali kan numfashi da abin da jiki ke ji a yanzu, don rage damuwa a asibitocin matakin farko. Duk ma'aikacin lafiya ya san irin mutumin da ke zuwa da ciwon kai, rashin barci da faɗuwar gaba, a auna komai a ga lafiya ƙalau. Horon na iya taimaka masa, in an yi shi cikakke.

Tsarin horon da wani masani, Jon Kabat-Zinn, ya kafa a 1979 a asibitin Jami'ar Massachusetts da ke Amurka na mako 8 ne: zaman awa biyu da rabi kowane mako, wuni guda cur wajen mako na shida, sai aikin gida na minti 45 kusan kullum. Wannan aikin gidan shi ne ƙashin bayan abin, kuma abin haushi, shi ake fara yankewa.

Mai sabon farawa, kafin ya kai ga minti 45 ɗin, sai a koya masa na minti 3, sau uku a rana. Minti na farko ya lura da abin da ke ransa, da inda jikinsa ya ɗaure, kafaɗa ce ko muƙamuƙi. Na biyu ya bi numfashinsa yadda ciki ke tashi yana sauka, ba tare da ya ja da ƙarfi ba. Na uku ya ji jikinsa gaba ɗaya.

Da yawa sukan daina tun makon farko, suna cewa "tunani ya ƙi barina". Ai ba a ce a kori tunani ba. Ganewa cewa hankali ya tafi, da dawo da shi, shi ne horon. Wanda barci ke sacewa ya yi a zaune. Wanda ya taɓa ganin tashin hankali kuwa, rufe ido na iya tayar masa da firgici; ya buɗe ido, ya sa hankali kan tafin ƙafarsa a ƙasa.

Kafin a sa kowa, a duba ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo, a tambayi ko yana tunanin kashe kansa. Mai irin wannan, wurin likita za a tura shi. Kuma kada a ajiye maganin hawan jini saboda horo.

Inda ma'aikata suka yi kaɗan, Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsarin rage damuwa na zama 5, mutum har 30 a lokaci guda, da muryar da aka naɗa.

Naku,
Wasu ma'aikatan lafiya