Amsa ga Ƙanena da Ya Ce Na Sayar da Zango

Assalamu alaikum ƙanena, shugaban matasa.

Bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya, an kawo mini maganar da ka yi ranar Asabar a taron matasan unguwar Asawase da ke Kumasi a ƙasar Gana, da lasifika a hannunka, a gaban malamai da iyayenmu mata. Ka tambayi wanda ke biyana kuɗin sharhin siyasar da nake rubutawa duk mako. Ka tambayi dalilin da ya sa nake yin sa da Hausa alhali yaranmu Turanci suke karantawa. Sannan ka ce ta yaya ɗan zango, wato unguwannin Hausawa da sauran Musulmi 'yan ci-rani a Gana, zai riƙe ra'ayin riƙau, ra'ayin gidan siyasar tsohon Firaminista Busia, bayan korar da aka yi wa iyayenmu a 1969. Ka rufe da cewa na sayar da zango. Ka san ƙofar gidana, mahaifinka da nawa tare suka yi fataucin goro, amma tunda bainar jama'a ka zaɓa, a nan zan amsa maka.

Batun kuɗi gajere ne. Babu mai biyana, shagon yadina a kasuwar Kejetia ke ciyar da ni. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, don haka ka duba abin da na rubuta lokacin da jam'iyyar NPP mai alamar giwa, magajiyar gidan Busia, ke kan mulki, ka gani ko rubutun wanda ya ci lada ne. Hausa kuwa, da ita iyayenmu mata ke tattauna farashin masara da kuɗin makaranta, kuma su nake so maganar ta isa.

Kalmar da ta hana ni barci ita ce “sayarwa”, kuma a kanta zan tsaya.

Ban manta da 1969 ba, babu kuma ɗan zangon da zai manta. Ranar 18 ga Nuwamba ta wannan shekara gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama wa'adin mako biyu ya bar Gana. Mutanen da aka haifa a nan, waɗanda ba su san hanyar Kano ko Sakkwato ko Ilori ba, suka karyar da gidaje da shaguna a farashin banza, suka hau manyan motoci da tabarmi da tukwane. Aure ya rabu, ciniki ya mutu, almajirai suka watse. Dattawan da suka gani da idonsu suna nan da ransu a Aboabo da Sabon Zango. Zalunci ne, na faɗa a rubuce tun kafin ka fara riƙe lasifika, kuma duk ɗan jam'iyyar giwa da ya nemi in sassauta wannan kalma ba zai samu ba.

Amma ƙanena, tarihin da kake karanta wa matasa daga 1969 yake farawa, a nan kuma yake ƙarewa. Me ya sa ba ka komawa baya da shekara goma sha biyu? A 1957, watanni kaɗan bayan samun 'yancin kai, gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan daga ƙasar nan zuwa Najeriya. Manyan zangon Kumasi ne, jagororin jam'iyyar Musulmi ta MAP, wadda ta haɗa kai da jam'iyyar adawa ta NLM ta su Baffour Akoto. Suka kai ƙara kotu cewa su 'yan Gana ne, ba a korar ɗan ƙasa daga ƙasarsa. Kafin alƙali ya yanke hukunci sai majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu su biyu, shari'ar ta mutu a nan take. A ƙarshen wannan shekara aka haramta duk jam'iyyar da ta tsaya a kan addini ko yanki, a 1958 kuma aka kawo dokar tsare mutum har shekara biyar ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. A ƙarƙashinta jagoran adawa J.B. Danquah ya mutu a kurkukun Nsawam a 1965. Wato lokacin da jam'iyyun adawa, har da MAP, suka haɗu suka kafa United Party, wadda ita ce tushen gidan da kake zagina da shi, iyayenmu na zango suna cikin waɗanda suka aza harsashin. Ba baƙi ba ne a gidan, shi ya sa abin da aka yi musu a 1969 ya fi ciwo.

To ga abin da na fahimta daga waɗannan shekaru biyu. Zakara, alamar jam'iyyar Nkrumah, ya kore mu, gidan Busia ya kore mu, kuma kowannensu ya iya yin haka ne don gwamnati ta tara ikon da babu mai taka mata birki. Wuƙar da ka taya mai mulki wasawa don maƙwabcinka, ranar da mulki ya juya a wuyanka za a ɗora ta. Mu mutanen zango, da kullum ake tambayarmu daga ina kakanmu ya zo, mu ne na farko da ake gwada ta a kansu. Saboda haka ni tambayata ga kowace gwamnati ɗaya ce: ina iyakar ikonki, wa kuma zai tsayar da ke idan kin ƙetare? Wannan shi ne ra'ayin riƙau da nake riƙe da shi.

Kuma ban aro shi daga Amurka ko Ingila ba, kamar yadda ka so mutane su ɗauka. A tsakar gidan zango na same shi. Kakanninmu sun bi hanyar goro ta Salaga har suka sauka Kumasi, ba su jira wani ofishi ya gina musu komai ba. Maigida ya sauki baƙo, ya tsaya masa wajen bashi, ya nema masa mai saye, kuma maganarsa ta fi takarda ƙarfi. Da kuɗin 'yan kasuwa aka gina masallatai, da sadakar unguwa aka riƙe makarantun allo, rigimar gado da ta aure a gaban liman da Sarkin Zango ake kashe ta. Abin da nake cewa a riƙe ke nan: dukiyar mutum tasa ce, tarbiyyar yaro ta iyayensa da malaminsa ce, kotu ta fi ƙarfin minista, kuma abin da unguwa za ta iya yi wa kanta kada a ƙwace shi a kai Akra. A 1979 sojoji sun rushe kasuwar Makola da ke Akra, an yi wa 'yan kasuwa mata bulala a fili da sunan yaƙi da tsadar kaya, kuma mutane da yawa sun yi tafi. Kaya ba su yi araha ba, jarin talakawa ne ya ƙone.

Na fara wannan sharhi ne lokacin da na ga matasanmu sun ɗauki ƙuri'ar zango kamar gado, ta jam'iyyar NDC mai alamar lema ce tun daga ciki, ba a tambaya, ba a ciniki. Ƙuri'ar da aka san inda za ta faɗa tun kafin a kaɗa ta ba ta da daraja a idon kowa. Wanda yake da ita ba ya wahalar da kansa, wanda ba shi da ita ba ya nema. Na so a samu wuri ɗaya da za a auna kowace gwamnati da mudu ɗaya, da harshenmu.

Da wannan mudun na auna giwa. A watan Yuli na 2018 'yan sanda suka harbe 'ya'yanmu bakwai a Manso Nkwanta aka ce 'yan fashi ne, kwamitin da gwamnati ta kafa da kanta ya ce babu shaidar hakan. Na rubuta cewa gwamnatin da ke tutiya da bin doka ita ce ta fi cancanta a tsare ta a kan wannan jini. A ƙarshen 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari, aka tilasta wa masu ajiya a takardun bashin gwamnati su karɓi sabon sharaɗi, har tsofaffi 'yan fansho suka yi zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi. Na rubuta cewa jam'iyyar da ta ce tana kare dukiyar mutane ta ci amanar aƙidarta. Na soki harajin da aka ɗora wa tura kuɗi ta waya, don mai sayar da koko da ƙosai ya fi cutarwa. Na yaba karatun sakandare kyauta da aka fara a 2017, don na ga 'ya'yan masu wankin mota sun shiga aji, kuma ba zan janye yabon ba don ka ji daɗi. Ko da Dakta Bawumia ya tsaya takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar giwa a 2024, ban ce kowa ya zaɓe shi don Musulmi ne ba, na ce a duba aikinsa.

Kai fa, a wace rana ka taɓa tsayawa ka soki naka? Ban so in faɗa ba, amma kowa a Asawase ya san kana neman kujerar wakilin unguwa a majalisar gunduma, kuma ya san idon waɗanda kake so ya gan ka ranar Asabar. Neman kujera ba laifi ba ne. Laifin shi ne ka taka mutuncin yayanka don ka hau.

Abin da ya fi damuna ma ya wuce ni da kai. Duk azumi sai a shigo mana da buhunan shinkafa da sukari, a ɗauki hoto, a tafi. Duk zaɓe sai a zo zango neman ƙarti masu ƙirji su tsare 'yan takara, jam'iyyun biyu duka, har sai da aka yi dokar haramta ƙungiyoyin 'yan daba a 2019, amma 'ya'yan masu ɗaukarsu suna jami'a. An kafa asusun raya zango a 2017, mulki ya sauya hannu a 2025, rafin Aboabo kuwa yana nan cike da shara, damina na zuwa ya shiga ɗakunan mutane. Yaronmu ya je karɓar katin ɗan ƙasa, da an ji sunansa sai tambayoyi su ƙaru. A kan waɗannan ya kamata shugaban matasa ya ɗaga lasifika, kuma da ka yi da ni ne na farko a bayanka.

Idan kana so mu yi muhawara, na yarda. Ka zaɓi rana bayan sallar La'asar, mu zauna a gaban malaman da suka ji maganarka ta farko. Ka zo da duk rubutun da kake ganin na sayar da zango a cikinsa, ka karanta shi da bakinka, ni kuma in amsa. In ka samu, a gabansu zan daina rubutu. In ba ka samu ba, a gabansu za ka janye kalmar.

Ka gaida Hajiya.

Wassalam,
Yayanka, daga Aboabo, Kumasi.