Zuwa ga Alhajin da ya tambayi wa ke biyana in sa wa tsuntsaye zobe

Assalamu alaikum Alhaji, ranka ya daɗe.

Ban ji shirin da kunnena ba, ina bakin tafkin Tabalak a ranar. Sai da na dawo Tawa na tarar an turo mini muryarka ta WhatsApp ta ko'ina, har da gwaggona da ba ta taɓa kirana ba sai an yi rasuwa. Ka ce a rediyo: "Mushen nan da ke kama tsuntsayen Allah yana ɗaura musu ƙarfe a ƙafa, wa ke biyansa, kuma wane saƙo yake aika wa Turawa?" Ka ce in fito fili in amsa. To ga ni.

Maganar saƙon ce ta hana ni barci. Kai babba ne, ka san zamanin da muke ciki, ka san kalmar da in aka jefi mutum da ita yakan kwana inda bai shirya ba. Ba ka ce ɗan leƙen asiri ba, gaskiya ne. Ka dai gyara wa kalmar shimfiɗa, ka bar masu sauraro su zaunar da ita. Ni kuwa mushe ne, wato malamin makaranta, alli ya cinye mini yatsu a garin nan, kuma biyu daga cikin ƴaƴanka a ajina suka koyi raba lissafi. Lokacin ba ka tambayi wa nake yi wa aiki ba.

Ga asirin gaba ɗaya. Zoben sanholo ne, irin na tukunya, bai kai nauyin ƙwayar wake ba. Babu batir, babu waya. Lamba ce kawai da adireshin inda za a sanar in an tsince shi. Na Faransa "Museum Paris" ke rubuce a jikinsu. Da kaka, daga Satumba zuwa Nuwamba, baƙin tsuntsaye ke saukowa daga Turai bayan sun ƙetare hamada. Ina kafa raga mai siririn zare tsakanin bagaruwa kafin asuba, in naɗe ta kafin rana ta yi zafi. Wanda ya faɗa, in warware shi, in sa shi a ƴar jakar ƙyalle, in auna fiffikensa, in ɗora shi a sikeli. Sannan in hura gashin ƙirjinsa. Mai sauran guzuri za ka ga kitse rawaya a ƙarƙashin fata. Wanda hamada ta tatse kuwa ƙashin ƙirjinsa a tsaye yake kamar bakin wuƙa. Makon jiya na riƙe wani mai giram 11, nauyin ƙwayar sukari biyu ke nan, zuciyarsa na bugawa a tafin hannuna. Na sa masa lamba, na buɗe hannu, ya tafi. Wannan shi ne jami'in da kake tsoro.

Kada ka ce na ɓoye wani abu: akwai manyan tsuntsaye da masu bincike ke goya wa na'ura mai aiki da hasken rana, tana nuna inda suke. Ba ni da irinta, kuɗinta ya fi ƙarfin fanshona. Kuma wanda tauraron ɗan'adam ɗinsa ke ganin kwanon rufin gidanka, me zai yi da tsattsewa?

In ma saƙo ne, mu muka fara aikawa. A 1822 aka harbo wani babban farin ɗan'uwan shamuwa a arewacin Jamus, da mashin Afirka soke a wuyansa. Da shi ya tashi har can, kuma har yau yana ajiye a jami'ar Rostock. Kafin nan akwai masanansu da ke cewa tsattsewa cikin laka take kwanciya har sanyi ya wuce. Wani maharbi baƙar fata ne ya buɗe musu ido bai sani ba. Zoben kansa sai 1899 wani malamin makaranta a Denmark, Mortensen, ya fara sa shi. Mushe ne shi ma, ka ga abin namu ne.

Ka kuma ce me talaka ya ƙaru da shi. A 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro ya ragu da kusan kashi uku cikin huɗu a shekara guda. Da suka bi sawu, sai suka tarar damina ce ta gaza a Sahel a 1968. Ka fi ni sanin abin da ya biyo baya har 1974, don kai ka gani da idonka, ni labari na fi ji. Abin da ya kashe tsuntsun shi ya kashe shanun Adar. Duk wanda ke ƙirga su, lafiyar ƙasarmu yake aunawa.

Batun zalunci ba zan ja shi ba. Na taɓa rasa guda ɗaya a raga, na makara da zagaye, kuma har yau ina jin abin. Amma wanda aka gani yana cinikin buhun gasassun tsuntsaye ranar kasuwa ya ɗan sassauta mini wa'azi.

Wa ke biyana? Babu kowa. Man babur daga aljihuna, ragar kyautar wani abokin aiki ce, takardar izini ta ma'aikatan gandun daji tana cikin jakata ga mai son gani. Kuma amsar nan ba sabuwa ba ce a kunnenka. Shekara uku da suka wuce ka zo har zaurena kana tambaya ko akwai furoje, wato shirin da wata ƙungiya ke zuba wa kuɗi, a bayan aikin, ko za a samar wa ɗan ƙanenka gurbi. Na ce babu ko dala. Ka shanye shayinka ka tafi. Ashe lokacin tsuntsayen ba su fara leƙen asiri ba.

Da ka yi tambayar da ta dace, da na tafa maka. Me ya sa abin da muke rubutawa a bakin tafkinmu sai a ƙasashen waje ake tara shi? Me ya sa in baƙi suka zo, mu nuna musu wuri, mu shiga laka har gwiwa, amma in takarda ta fito sunanmu na can ƙasa a layin godiya tare da direba? Wannan ya fi maganarka ci mini rai. Tun 2005 aka sa Tabalak cikin dausayoyin da yarjejeniyar Ramsar ta duniya kan kare dausayi ta amince da muhimmancinsu, amma bagaruwar bakinsa kullum raguwa take, yashi na cin tafkin. Gawo, wanda ke fitar da ganye da rani lokacin da sauran itatuwa suka zubar, shi ne rumbun baƙin nan, shi kuma ake yi wa sassabe har ƙoƙon kai. Kakanninmu da ganin shamuwa sun san a gyara iri. Jikokinmu duk abin da ke tashi "tsuntsu" ne kawai. Ban taɓa jin ka kira rediyo kan ko ɗaya ba, ga shi lambunka na kallon wurin.

Asabar mai zuwa ina can bayan sallar asuba, in Allah ya kai mu. Ka zo da tabaranka ka karanta zoben da kanka, ka zo da mai rediyon ma in kana so. Sai dai ka bar babbar rigar a mota, akwai laka.

Naka,
Mushen da ka ambata
Tawa