Wasiƙa zuwa ga aminina game da hoton Janar Stockwell

Unguwar Yakasai,
Birnin Kano.

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, kuma sanyin Landan bai matsa muku ba. Dalilin rubuto maka wannan takarda shi ne in sanar da kai abin da na samo makon jiya a Kasuwar Kurmi.

Wani dattijo mai sayar da tsofaffin kayan tarihi ya buɗe mini wata tsohuwar adaka, a cikinta akwai hotuna bakwai na yaƙin Bama, waɗanda gara ta riga ta ci gefen uku daga ciki. Wanda ya fi jan hankalina hoton wani Bature ne riƙe da taswira, an rubuta "Stockwell, 1945" da fensir a bayansa. Ka san Manjo Janar Hugh Stockwell ya karɓi jagorancin Runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma a watan Janairun 1945, watan da sojojinmu suka ƙwace garin Myohaung na ƙasar Bama daga hannun Japanawa. Na daɗe ina jujjuya takardar kafin in biya, domin an taɓa cutata da hoton wani kwamandan Turawa na yaƙin Bama, Janar Wingate, wanda daga baya na gane daga intanet aka wanko shi. Wannan kuwa takardarsa mai kauri ce, ta yi jaja-jaja saboda tsufa.

A bayan Janar ɗin akwai wani saje a tsaye, da tsagar gado a kumatunsa irin ta mutanen ƙasar nan, amma ba a rubuta sunansa ba. Tun ranar nake tunaninsa, musamman da yake da Hausa ake ba da umarni a bataliyoyin Najeriya, wataƙila ma ta bakinsa maganar manya take isa ga sojoji.

Saboda haka nake roƙonka, don zumunci, ka leƙa gidan tarihi na Imperial War Museum, ka duba mini ko suna da irin wannan hoto tare da bayaninsa. Na haɗo maka da kwafinsa. In da hali, ka aiko mini da ambulan na adana tsofaffin hotuna kafin damina ta kankama, domin danshi ne babban abin tsorona.

Ka gaishe mini da uwargida da yara.

Naka,
Amininka na Kano