Wa ya ce dokoki sun kashe tseren Top Fuel?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Raina ya ɓaci da abin da mai gabatar da shirinku na wasanni ya faɗa ranar Lahadi, cewa wai hukumar NHRA, mai kula da tseren motoci a miƙaƙƙen fili a Amurka, ta ɗaure motocin Top Fuel, wato ajin da ya fi kowanne gudu a wannan tsere, da dokoki har fasaha ta tsaya cak, kuma wai motocin yau ba su kai na da gudu ba tunda an rage tsawon fili. Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma sau uku ya maimaita ta.

A 2005 Tony Schumacher ya yi gudun mil 337.58 a awa a filin Brainerd, lokacin tseren yana ƙafa 1,320, wato kusan mita 402. A 2022 Brittany Force ta yi mil 338.94 a Pomona, kusan kilomita 545 a awa, a fili mai ƙafa 1,000 kacal, kimanin mita 305. An yanke mata ƙafa 320 amma ta wuce shi. Ita ce kuma ta cinye wannan tazara cikin daƙiƙa 3.623 a 2019. To ina tsayawar fasahar a nan?

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda ya yi maganar rage filin kamar tsoro ne ko son zuciyar hukuma. Mutum ne ya mutu. A watan Yunin 2008 injin motar direba Scott Kalitta, 'yar ajin Funny Car mai amfani da irin injin Top Fuel, ya fashe a Englishtown, jihar New Jersey, lemar tsayar da motar ta lalace, motar ta keta yashin da ke ƙarshen fili ta yi karo. Filayen nan yawancinsu an gina su ne tun motoci ba su kusanci gudun mil 300 a awa ba, wanda sai 1992 Kenny Bernstein ya fara haurawa. Ba za a iya ƙara wa kowane fili tsawo ba, don haka aka matso da layin ƙarshe baya domin direba ya samu wurin tsayawa. Bayan haka aka wajabta na'urar da ke yanke mai ta kuma saki lema da kanta idan inji ya fashe. Haka nan a 2004, bayan rasuwar direban Top Fuel Darrell Russell, an sauke naitirometan, sinadarin da ya fi yawa a man waɗannan motoci, daga kashi 90 zuwa 85, sai a 2008 aka mayar da shi 90. Ya kamata a ambaci waɗannan mutane kafin a yi wa dokar ba'a.

Dokokin na nan da yawa, ban musa ba. Inji silinda takwas ne, ba ya wuce lita 8.2. An ƙayyade girman famfon da ke cusa iska cikin inji da irin gudun da zai yi. Giyar baya 3.20 ce ga kowa. Akwai na'urar da ke ja wa wuta baya idan inji ya wuce juyin da aka yarda. An haramta kwamfutar da za ta ji taya na sulɓi ta gyara da kanta; aikin kwamfuta a motar nan ta ɗauki bayanai kawai, a karanta bayan an dawo. Amma duk da haka ana ƙiyasta ƙarfin injin da doki 11,000, kuma da mai gabatarwa ya yi bincike da ya gaya wa masu sauraro daga ina wannan ƙarfi yake fitowa.

Daga mai yake fitowa. Fetur na buƙatar iska kilo 14.7 kafin kilo ɗaya ya ƙone, shi kuwa naitirometan kilo 1.7 ya ishe shi, domin yana ɗauke da iskar oksijin a jikinsa. Saboda haka silinda ɗaya na ɗaukar mai ninki takwas na abin da za ta ɗauka na fetur. Man yana shiga da yawa har ya kusa zama ruwa tsantsa, shi ya sa kowace silinda ke da fulogi biyu. Idan wuta ta mutu a silinda guda, za ka ga farin hazo na ɗanyen mai yana fita daga bututun hayaƙi ɗaya maimakon harshen wuta, motar ta fara ja gefe. Idan man ya taru fistin ya zo ya matse shi, ruwa ba ya matsuwa, sai kan silinda ya ɗaga ko famfon iska ya tarwatse. Motar ma ba ta da rediyeta, man ne ke sanyaya injin.

Amma ainihin gasar tana cikin kuloci, kuma ko sau ɗaya ba a ambace shi a shirin ba. Motar ba ta da giya da za a canza. Faifan kuloci biyar ko shida ne ke sulɓi da gangan, suna kamawa kaɗan-kaɗan bisa lokutan da shugaban kanikawa ya saita tun kafin a tayar da mota. Ya kalli zafin kwalta, ya auna danshi da nauyin iska, sannan ya yanke shawarar nauyin da zai ɗora wa yatsun kuloci, kaurin gaskit ɗin kan silinda, da lokacin da za a ja wuta baya. Kuloci ya kama da wuri, taya ta kwance ta yi hayaƙi, tsere ya ƙare. Ƙarfi ya yi kaɗan, tayar ta naɗe tana tsalle, motar ta yi girgizar da ke dushe wa direba gani. Tsakanin waɗannan biyu tazarar siririya ce ƙwarai, kuma da zarar direba ya taka totur babu mai iya gyara komai sai ƙafarsa. Tunda doka ta hana ƙara girman inji, a nan ƙungiyoyi ke tono ɗigon daƙiƙa, da kan silinda, da famfon mai, da fiffiken baya da ke danne taya a ƙasa.

Injin da ke juyi kusan sau 500 kawai daga fitilar tashi zuwa layin ƙarshe, ana kwance shi ƙasa bayan kowane zagaye. A cire fistin, a duba metal, a canza fulogi da suka cinye, a zuba sabon kuloci domin tsohon ya yi zafi har wani lokaci faifansa kan manne da juna, a ɗaure a tayar, duka cikin awa ɗaya ko makamancin haka. Wannan ne mai gabatarwa ya kira "taka totur a miƙe kawai". Duk bakaniken da ya taɓa ɗaure inji ya ji wannan magana, ya san an raina sana'arsa.

  

Ina roƙon a gyara maganar Top Fuel a shiri mai zuwa, a karanta alƙaluman 2005 da na 2022 a jere, a kuma faɗi dalilin da ya sa aka koma ƙafa 1,000.

Naku,
Mai sauraro daga Kaduna