Wasiƙa Daga Bakin Tafkin Walden

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ya jikin Hajiya? Ya damina? Mu nan Amurka sanyi ya fara kunno kai, ganyen itatuwa duk ya rine ja.

Ka yi ƙorafin na yi shiru. Wallahi wasu mutane ne suka ɗauke mini hankali, waɗanda a nan ake kiran aƙidarsu Taransendantalizim. Ranar Asabar na hau jirgin ƙasa daga Boston zuwa Concord, na taka har tafkin Walden. Cikin kurmi akwai wasu gajerun ginshiƙan dutse da aka zagaye da sarƙa, nan ne gurbin bukkar Henry David Thoreau, marubuci kuma ɗaya daga cikin masu wannan aƙida. Ƙafa 10 ce da 15, ko zauren gidanku ya fi ta. Ya tare a ciki ranar 4 ga Yuli 1845, ya yi shekara biyu da wata biyu yana noman wake yana rubutu. A gefe akwai tulin duwatsun da maziyarta ke ajiyewa. Ni ma na ɗora nawa.

Filin na Ralph Waldo Emerson ne, uban tafiyar. Limamin coci ne a Boston. Matarsa ta rasu da tarin fuka a 1831, shekara na zagayowa ya ajiye limancin, don ya ce ba zai ci gaba da jagorantar ibadar da zuciyarsa ba ta cikinta ba. Ya tafi Turai, ya gana da marubutan Birtaniya Coleridge da Carlyle, waɗanda suka sha daga falsafar Jamus, musamman ta Kant. Malaman jami'ar Harvard na lokacin suna kan ra'ayin Locke, masanin falsafa ɗan Ingila, cewa duk sani ta ido da kunne yake shigowa. Emerson ya ce ina, akwai gaskiyar da zuciya ke riska kai tsaye, kuma kowane ɗan Adam yana da wannan hasken, ko bawa ne ko ɗan sarki. A 1836 ya fitar da littafinsa Nature. Da ya faɗi irin wannan a gaban ɗaliban addini na Harvard a 1838, sai da aka yi kusan shekara 30 ba a sake gayyatarsa ba.

Ga abin da zai ba ka mamaki: mutumin nan masoyin Hafiz da Sa'adi ne, mawaƙan Farisa, har ya fassara baitocin Hafiz daga Jamusanci. Shi ya sa idan yana zancen kaɗaita da duban halitta sai in ji ƙamshin halwa da tafakkuri. Sai dai mun rabu a wuri guda. Shi yana ganin zuciya kaɗai ta isa jagora, ni kuwa na san yadda zuciya ke yaudarar mai ita in babu wahayi.

Duk da haka ina girmama su, domin maganarsu ba ta tsaya a baki ba. A 1846 Thoreau ya kwana a kurkuku saboda ya ƙi biyan haraji ga gwamnatin da ta halatta bauta. Margaret Fuller, wadda ta fara shirya mujallarsu The Dial a 1840, ta tsaya kai da fata kan ilimin mata.

Na saya maka kwafin Walden, littafin da Thoreau ya rubuta kan zamansa a bakin tafkin, zan ba mai zuwa gida ya kawo maka. Ka fara da babin da yake lissafin kuɗin ginin bukkar, dala 28 da ’yan kai, ka gaya mini yadda ka gani.

Ka gaida Hajiya da yara.

Naka,
Amininka